Hoton da Rana Ke Bugawa

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, yau kusan kowa na da kyamara cikin aljihu. Yaro ya kan ɗauki hoto barkatai, amma tambaye shi yadda haske ke zama hoto, sai ya yi zuru. Don haka ni ke ganin ya kamata kwalejinmu ta koya mana tsohuwar hanyar buga hoto da a ke kira sayanotaif, watau shuɗin hoto.

Wani masani, Sir John Herschel, shi ya gano ta a Ingila a 1842. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da littafin ciyayin teku da ita. Aikin ba wuya. A haɗa ruwan gishirin ƙarfe iri biyu, a shafa a takarda, ta bushe cikin duhu. Sa'an nan a ɗora ganye bisanta, a danne da gilashi, a kai rana. In an wanke da ruwa zalla, inda haske ya taɓa ya zama shuɗi kamar an tsoma a marina, inda ganye ya rufe ya fito fari.

Wasu za su ce wannan ai koma baya ne. A'a. Har yanzu masu fasahar hoto na neman ta, don aikin hannu ne, kowane bugu da kamanninsa. Balle mu da za a tura ƙauyuka, inda lantarki ke wuya amma rana kyauta ce. Da takarda guda malami zai koyar da kimiyya da zane tare.

Allah ya sa shugabannin kwaleji su duba wannan shawara.