Amsar Tambaya: Sana'ar Watandar Zane

Jama'a, cikin wasiƙun da suka iso mana makon jiya akwai ta wani malamin makaranta. Yana tambaya a kan wata sana'a da ya ce samari masu ilmi sun fara ambatonta, watau aikin kamfanonin nan da ke sayen zanen gwanaye, su kasa shi hannun jari, su sayar wa mutane ta wayar hannu. Ya ce shin aikin kirki ne, kuma ta wace ƙofa a ke shiga. To malam, ga amsa.

Tun da daɗewa Turawa suka ɗauki zane dukiyar ajiya. Gidajen gwanjon nan biyu na Landan, Sotheby's da Christie's, an kafa na farko a 1744, na biyu a 1766. A 2017 aka sayar da wani zanen Leonardo da Vinci a Niyok a kan dala miliyan 450. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, mutumin ƙasarmu, ya yi fam miliyan 1.2 a Landan a 1918 ɗin da aka ƙara wa ɗari, watau 2018. Amma ina akawu ina irin wannan ciniki?

Nan ne masu kwamfuta suka shigo da dabara, kuma ba wata dabara ba ce illa watanda. Wani kamfani a Niyok mai suna Masterworks, wanda aka kafa a 2017, ya kan sayi zane guda, ya buɗe masa ɗan kamfani nasa shi kaɗai, ya kai takardu ga hukumar hannun jari ta Amurka, sa'an nan ya sayar da hannu ɗaya a kan dala 20. Sai a jira shekara 3 zuwa 10, a sayar da zanen, a raba. Tsarin da suka fito da shi kuwa, su ɗauki kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ko wace shekara ladan kulawa, in an ci riba su ɗauki kashi 20 cikin ɗari na ribar. Wani banki a Siwizalan, Sygnum, ya yi irin wannan da zanen Pikaso a 2021.

Sai dai fa wannan saniya ba ta ba da nono, ba ta haihuwa, ba a kuma yanka ta a raba nama. Gida ya kan kawo kuɗin haya, gona ta ba da hatsi. Zane kuwa yana kwance cikin ɗakin ajiya yana cin kuɗin inshora da na masu gadi, har ran da wani mai kuɗi ya ga dama ya taya. Asusun fansho na ma'aikatan jirgin ƙasa na Ingila ya gwada tun 1974, ya zuba wajen fam miliyan 40 cikin kayan zane da na tarihi. Ya ci riba, amma yawancinta daga 'yan zane 25 ta fito, waɗanda aka sayar a 1989 kasuwa na tashe. Wanda zai ci abinci a wannan sana'a ya fara sanin wannan.

Ƙofofin shiga kuwa suna da dama. Akwai mai rubuta wa kwamfuta umarni, shi ke gina kasuwar da a ke saye da sayarwa cikin waya. Akwai mai ƙididdiga, wanda ke bin farashin gwanjo na shekaru, irin wanda kamfanin Artnet ke tarawa tun 1989, ya auna abin da zane zai yi. Akwai lauya da akanta, domin tun Janairu 2020 dokar Ingila ta tilasta wa dillalan zane su binciki ko wane ne mai saye in cinikin ya yi nauyi, don kada a wanke kuɗin sata ta nan.

Amma aikin da muka fi ganin girmansa shi ne na mai bin asalin zane. Shi ne ke tono takardu, ya gano daga hannun wa zanen ya fito, wa ya saya, wa ya gada, har a kai ga ɗakin mai zanen kansa. Ya duba rajistar kayan sata, ya sa a gwada fenti da ƙyallen. In ya yi sake, duk lissafin mai ƙididdiga ya tashi a banza. Ku dubi gidan Knoedler na Niyok, wanda ya shekara 165 yana ciniki da mutunci. A 2011 ya rufe, don an gane ya sayar da zanen jabu kusan 40 da sunan manyan gwanaye, alhali wani mutumin Sin ne ke zana su a gidansa a unguwar Queens. Ku dubi kuma wani saurayin dillali, Inigo Philbrick, wanda ya riƙa sayar da hannun jari a zane guda har ya zarce ɗari bisa ɗari, ya kuma jinginar da shi ya ci bashi. Ashe watandar saniya mai ƙafa shida ya ke yi! A 2022 alkali a Niyok ya ɗaure shi shekara 7, a kan zamba ta wajen dala miliyan 86.

Shawararmu ga saurayi ita ce ya fara riƙe ilmin da zai ci da shi ko da kasuwar zane ta mutu, watau akanta, ko shari'a, ko kwamfuta, sa'an nan ya ɗora sanin tarihin zane a kai. Dalili kuwa, kasuwar nan hawa da sauka gare ta. A Maris 2021 Christie's ta sayar da hoton kwamfuta na wani mai suna Beeple a kan dala miliyan 69, da takardar mallakar nan da a ke kira NFT. Samari suka yi caa a kai, shekara na zagayowa farashi ya faɗi warwas. Cinikin zane na duniya duka ma ya ragu da kashi 12 cikin ɗari a 2024, ya tsaya a dala biliyan 57.5. Sanin zane kuwa ba a aji kaɗai a ke samunsa ba, ko da ya ke akwai makaranta mai sunan Sotheby's a Landan da Niyok. Da yawa cikin gwanayen sun fara ne da ƙaramin aiki a gidan gwanjo, suna auna zane, suna rubuta shi a littafin kaya, har ido ya buɗe.

Wanda aka ɗauka aikin talla kuma, ya tambaya tun da wuri ko albashi za a ba shi ko la'ada. In la'ada ce kaɗai, cikinsa zai riƙa tura shi ya faɗa wa mai fansho labarin zanen da aka ci riba, ya yi shiru a kan wanda ya shekara shida ba a ko taya ba. Ya nemi a nuna masa takardun da kamfanin ya kai wa hukuma, ya karanta babin kasada da kansa kafin ya sa hannu.