Albashi guda, lampo biyu?

Mu ɗauki magidanci ɗan Nijar mazaunin birnin Liyon na Faransa. Ya kwaso iyalinsa zuwa Damagaram don su yi shekara guda, yara su ga kakanni, bakinsu ya kama Hausa. Aikinsa bai tsaya ba: da kwamfuta da intanet yake yi wa kamfaninsa na can, albashi kuma na faɗawa bankinsa na can. To, wace ƙasa zai biya wa lampo?

Da yawa za su ce magana ta ƙare ga lissafin kwana 183: wanda ya wuce wata shida a waje ya fita daga hannun Faransa. Wannan kuskure ne mai tsada. Aya ta 4 B ta kundin lampon Faransa ta kafa sharuɗɗa uku: inda gidan mutum yake ko inda ya fi zama, inda yake gudanar da sana'arsa, da inda cibiyar dukiyarsa take. Ɗaya kawai ya isa a ɗauke shi mazaunin Faransa, a nemi lampo a kan duk abin da ya samu a duniya. Magidancin namu, da ya bar gida a Liyon kuma duk kuɗinsa daga can suke fitowa, da wuya ya kuɓuta. A nan kuwa, ma'aikatar lampo tana da hujjar cewa a ƙasar Nijar yake zaune, a nan yake zubar da guminsa.

A da akwai alƙali. Yarjejeniyar da Nijar da Faransa suka sa wa hannu a 1965 ita ke raba gardama, ta hana a karɓi lampo sau biyu a kan kuɗi guda. A watan Disamba na 2023 hukumomin Nijar da na Mali suka ba da sanarwar soke yarjejeniyoyinsu da Faransa, bayan Burkina Faso ta yi haka a watan Agusta. Suka ce ƙasashensu ne ke cutuwa, kuma maganar abar dubawa ce. Amma kamfani yana da lauyoyi. Ma'aikaci da matarsa da ƴaƴansa wa suke da shi?

Ra'ayinmu shi ne, wanda ya rushe rumfa ya kamata ya kafa wata. Ma'aikatar kuɗi ta fito da takarda bayyananniya, cikin Faransanci da harsunan ƙasa, ta faɗi daga yaushe ɗan ƙasa da ya zo zaman wucin gadi yake zama mai biyan lampo a nan, da ko za a rage masa abin da ya riga ya biya a waje. In ba haka ba, waɗanda muke roƙo su dawo da iliminsu za su tsaya ga ziyarar mako biyu.

Su kuma iyalai, ba a fafe gora ranar tafiya. Su nemi amsa a rubuce daga ofisoshin lampo na ƙasashen biyu kafin su yanki tikiti.