Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Ceci Takardun Girgizar Ƙasa

Ina so in yi magana a kan waɗansu tsofaffin takardu da na'urori suka zana a zamanin da, lokacin da babu kwamfuta. Takardun awon girgizar ƙasa nake nufi. Ra'ayina shi ne, wajibi ne a tattara su, a ɗauki hotonsu, a zuba abin da ke cikinsu a kwamfuta tun kafin gara da laima su cinye su. Kuma ina ganin mu mutanen Bagudo, da muke zaune a bakin iyakar Benin, muna da hakki a cikin wannan magana.

Da fari dai, bari mu ga yadda aka sami takardun. A da, na'urar awon girgiza tana da wata ganga mai juyawa a hankali, a naɗe da takarda. Wani lokaci akan turara takardar da hayaƙi ta yi baƙi, sai allura ta riƙa kartar ta. Wani lokaci kuwa tawada ce, ko kuwa haske a kan takardar hoto. In ƙasa tana kwance lafiya sai layi ya miƙe. In ta motsa, ko da a wata nahiya ce, sai layin ya yi ta karkacewa. Kullum sai an sauya takarda. Daga 1961 Amurka ta kafa tashoshi fiye da 100 iri ɗaya a ƙasashen duniya, musamman don ta ji gwajin bam ɗin nukiliya. Kowace tasha tana da na'urori 6, wato takarda 2,190 ke nan a shekara. To, ku lissafa na shekara ashirin.

Mai karatu zai ce, mene ne amfanin wannan zane-zane? Amfaninsa shi ne, da shi ake sanin cikin ƙasa. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola a ƙasar Rasha, wanda a 1989 ya kai kilomita 12 da 'yan kai. Amma kaurin ɓawon ƙasa a ƙarƙashin nahiyoyi yakan kai kilomita 30 zuwa 40. Ashe ke nan haƙa ba za ta kai mu ba, sai dai sauraro. Iyayenmu mata in za su sayi tukunya a kasuwa sukan ƙwanƙwasa ta, daga ƙarar su gane ko tana da tsaga. Haka masana suke yi da duniya. Girgiza ita ce ƙwanƙwasar, takardar kuwa ita ce kunnen da ya ji ƙarar ya ajiye. Da irin waɗannan takardu ne wani masani ɗan Kuroshiya, Andrija Mohorovičić, ya gano inda ɓawon ƙasa ya ƙare, bayan girgizar da aka yi kusa da birnin Zagreb a 1909. Da su ne kuma wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa can tsakiyar duniya akwai wata cibiya a cikin cibiya.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasarmu ta Bagudo tana gefen kudu na babban kwarin duwatsun da masana ke kira Kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Akwai wani shimfiɗin dutsen yashi da laka a cikinsa wanda aka raɗa wa sunan garin Illo, kuma da wannan suna ake karanta shi a jami'o'i. In ka tsallaka iyaka ta Tsamiya ka shiga Segbana, ka ci gaba yamma, za ka isa Kandi. Ta nan wata doguwar tsaga ta ratsa cikin dutsen ƙasa, wadda ta haura shekara miliyan 500. Masana sun bi sawunta ta wajen Gaya har duwatsun Ahaggar a Aljeriya, sun kuma sami ci gabanta a Barazil, domin a da Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke. Ba ina cewa wannan tsaga za ta farka gobe ba ne, tsohuwa ce ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne, dutsen da muke takawa ɗaya ne da na makwabtanmu. A 2019 an rufe iyakokin Nijeriya na tudu, shinkafa da motoci suka tsaya, amma girgiza ba ta tsayawa wurin kwastan. Saboda haka iliminta ma bai kamata ya tsaya a kan iyaka ba.

Na san waɗansu za su ce, ai mu ba a girgizar ƙasa a wajenmu. Gaskiya ne ba mu kai Japan ko Turkiyya ba, alhamdu lillahi. Amma tarihi bai ce babu ba. Ran 22 ga Yuni, 1939, girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane a Akra ta ƙasar Gana, har aka ji ta a Legas. Ran 22 ga Disamba, 1983, wata ta hallaka ɗaruruwan mutane a arewacin Gini. A 1984 ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode, har Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita da abokan aikinta suka yi nazari a kai. A 2016 an ji ta a Kwoi ta Jihar Kaduna, a 2018 kuma a Mpape ta Abuja. Ku lura da tazarar da ke tsakaninsu. A ƙasa irin tamu, inda girgiza takan daɗe ba ta zo ba, awon 'yan shekaru ba ya isa a gane halinta. Na'urorin zamani na cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, da tashoshinta irin na Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, duk a wannan ƙarni aka kafa su. Abin da ya faru kafin nan, a takarda yake. Wanda ya bar takardar ta ruɓe ya zubar da shaidar da ba za a sake samu ba.

Waɗansu kuma za su ce, ruwa ne damuwarmu, ba girgiza ba. Wannan ma ban musa ba. Kowa ya tuna yadda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Amma ruwan nan na Kwara da ya shigo mana ta wajen Lolo, shi ne yake gangarawa ya taru a bayan madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Can sama kuma Nijar ta fara aikin madatsar Kandadji. Duk mai gina madatsa ko gada ko asibiti mai hawa, dole ya san irin motsin da ƙasar wurin ta taɓa yi. Ga shi kuma aikin ba mai cin kuɗi ba ne kamar gina hanya. Na'urar ɗaukar hoton takarda ce, da kwamfuta, da mutane masu haƙuri.

Aikin kashi biyu ne. Na farko a ɗauki hoton takardar sarai, tare da rubuta sunan tasha da kwanan wata da irin na'urar. Na biyu a bi layin a mai da shi lambobi, domin hoto kawai ba ya shiga lissafi. Nan ne wahalar take, don layukan sukan hau kan juna, kwamfuta ta rikice, sai idon mutum ya warware. A Jami'ar Harvard ta Amurka, Farfesa Miaki Ishii da abokan aikinta sun ƙera wata manhaja mai suna DigitSeis don wannan aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne, ɗaliban makarantun sakandare na Japan, sa'o'inmu, suna cikin waɗanda suka zauna suka yi aikin a kan tsofaffin takardun jami'ar. Tun da su sun iya, me zai hana mu? Ƙungiyoyin kimiyya na makarantunmu za su iya karɓar wannan, mu koyi lissafi da kwamfuta a kan abu na gaske.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, da cibiyar Toro, da jami'o'inmu na Zariya da Sakkwato da Birnin Kebbi, su bincika ɗakunan ajiyarsu su fitar da jerin abin da ke akwai. Su kuma nemi haɗin kai da tsofaffin tashoshin makwabta, irin su Mbour a Senegal da Lamto a Kwaddibuwa, a yi musayar abin da kowa ya ajiye. In an gama, a sa shi inda ɗalibin Kandi da na Ka'oje za su iya gani ba tare da biyan ko kwabo ba.

Ga iyayenmu kuwa, roƙona shi ne ku ƙarfafa wa 'ya'yanku, maza da mata, gwiwar karatun kimiyyar ƙasa. Allah kaɗai ya san ranar da ƙasa za ta motsa, amma ya ba mu hankali don mu yi tanadi, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu daga bala'i, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyar, mutumin Bagudo.