Kowa Ya Wanke Allonsa: Ra'ayin Da Ya Raba Jami'a Da Gonar Kunci

A jami'o'inmu akwai wata magana da ta zauna daram, har an daina tambayar dalilinta: wai kundin kammala digiri aikin mutum ɗaya ne. Ɗalibi ɗaya, take ɗaya, sashe ɗaya, malami mai dubawa ɗaya, babi biyar. Duk wanda ya kawo shawarar a haɗa ɗaliban ajin ƙarshe daga tsangayu daban-daban su yi bincike guda a kan matsala guda, amsarsa a shirye take: ai malalata za su laɓe a bayan masu ƙoƙari, kowa ya iya allonsa ya wanke. Manyan malamai na faɗin haka, iyaye na faɗi, har hazikan ɗaliban da ke neman digiri mai daraja ta ɗaya na faɗi, don gudun kada a ci guminsu. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma talakan ƙauye ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Mu fara duba abin da ake karewa. Da a ce kundin mutum ɗaya yana tabbatar da ƙwazon mai shi, da sai mu ja bakinmu mu yi shiru. To amma duk wanda ya taɓa zagawa bakin ƙofar wata babbar makaranta a ƙasar nan ya san shagunan kwamfutar da ake cinikin furojek a cikinsu: a kawo take, a yi tayi, a ba da kafin alƙalami, a dawo a karɓi babi biyar. Wanda bai saya ba, sau da yawa na wani ya ɗauko ya sauya sunan ƙaramar hukuma. Mai gaskiyar cikinsu shi ne wanda ya buga takardar tambayoyi da Turanci, ya hau mota ranar kasuwa, ya tare mutumin da ya zo sayar da akuyarsa yana tambayarsa ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, kafin la'asar ya kamo hanyar birni. Babi na biyar kuwa an haddace shi: gwamnati ta kawo taki, a ba manoma bashi, a wayar musu da kai. Malami guda na duba ɗaliban da suka fi ƙarfinsa, ga darasi ga makin jarrabawa, ba zai iya bin kowa ƙauye ba. A yi wa kundin bango mai kauri, a jibge a ofishin sashe, ƙura ta rufe. Kaɗaicin da ake cewa yana hana ha'inci shi ne ke ba ha'incin mafaka, domin babu idon da ke kan ɗalibin tun ranar da aka amince da takensa har ranar da zai kare kundi.

Yanzu mu nufi Kunci, ƙaramar hukumar da a yanzu ake kira Ghari, arewa da Bichi, kusa da Kazaure da iyakar Katsina. Ƙasar jigawa ce, gona na jingine da gona, babu dajin da za a sare a ƙara, babu saurar da za a bari ta huta. Gado ya yanyanka filaye. Magidanci na riƙe da 'yan gonaki a warwatse, a cikinsu yake zuba gero da dawa da wake da gyaɗa, ya kai takin gida a amalanke tun ruwa bai sauka ba, da kaka ya ɗaure harawa ya ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki saboda tumaki. Wannan mutumin ba ya rarraba damuwarsa sashe-sashe. Jami'a ce ta yi wannan rabon, don sauƙin tsara darasi, sannan ta manta cewa ita ta yi shi.

A ɗauki wake kaɗai. Manomi ya gama roro, ya casa, ya auna. Ya san ƙwaro tun daga gona yake biyo shi, in ya ajiye buhun haka nan cikin 'yan watanni zai tarar da huji da gari. Ko dai ya sayar nan take, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, dillalai su kwasa zuwa kasuwar Dawanau, shi kuma da bazara matarsa ta saya da tsada a tiya don ƙosai da ɗanwake. Ko ya zuba masa fiya-fiya da ƙwayar magani, iyalinsa da na wasu su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali maganin abin sananne ne. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Kamaru aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu guda. A ɗure wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya cinye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. A Kano ma ana yin buhun. To me ya hana shi shiga kowane gida?

Ɗalibin sashen kare amfanin gona zai gwada buhun a ɗakin gwaji, ya rubuta cewa yana aiki, ya ci makinsa. Gaskiya ya faɗa, amma wannan an riga an sani. Tambayar da ta rage ta fi ƙarfinsa shi kaɗai. Wataƙila buhun ba ya zuwa kasuwar ƙauye a kan kari. Wataƙila na jabu ne ya ɓata sunan na ainihi. Wataƙila ɓera ke huda shi a ɗakin ajiya. Wataƙila ma ƙwaro ba shi ne ke kora waken kasuwa ba, bashin da aka ci da damina ne, da aurar da 'ya da aka sa ranarsa bayan kaka. Gano wanne ne cikinsu sai an samu mai ilimin tattalin arziki ya bi farashi mako-mako daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau, mai ilimin sinadarai ya ɗebi wake daga wurin masu awo ya auna gubar da ke ciki, ɗalibar nazarin zamantakewa ta shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, ta ji yadda mata ke ajiye nasu waken da wanda ke da ta cewa a kan ranar buɗe buhu, ɗalibin shari'a ya duba sharuɗɗan bashin da ake biya da amfanin gona, ɗalibin sashen Hausa ya tsara tambayoyin yadda dattijo zai ji an girmama shi ya saki jiki. Kowane ɗayansu in ya tafi shi kaɗai zai dawo da guntun amsa, ya ɗauka ita ce duka.

Abin takaicin shi ne, ba daga waje za mu aro wannan hanya ba. A nan aka yi ta, kuma ta yi suna a duniya. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa sashen binciken tattalin arzikin karkara a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin David Norman. Masu ilimin tattalin arziki da na zamantakewa da na labarin ƙasa suka zauna da ƙauyukan Zariya, Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna bin gidaje damina da rani. A lokacin malaman gona na ta horon manomi ya daina cuɗanya gero da dawa da wake a gona guda, wai ci baya ne. Binciken ya nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗa amfanin ya fi ba shi riba a kan guminsa a watannin noma, lokacin da hannu ke ƙaranci, ya kuma fi kare shi daga tashi a tutar babu in ruwa ya yi gardama. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan ƙasa ta Kano mai cunkoson jama'a, ya nuna cewa gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu ba su mutu kamar yadda masana suka yi ta hasashe ba, saboda taki da dabbobi da bishiyoyin da manomi ke raino a gonarsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da za a gano ta takardar tambayoyin yini guda.

Sai mu dawo kan malalacin da ake tsoro. Wanda ya taɓa halartar gayya ya san a nan ne rago ba shi da wurin ɓuya: kowa da kunyarsa, ana tafe a jere, wanda aka bari a baya duk gari ya gan shi. Haka binciken haɗin gwiwa yake in an tsara shi da gaskiya. Tambaya ɗaya ce, amma kowane ɗalibi na da ɓangaren da ya rataya a wuyansa, da littafin da yake rubuta aikinsa na kullum, da babin da zai tsaya shi kaɗai ya kare a gaban malaman sashensa. Idan mai auna guba bai kawo sakamako ba, aikin sauran ya tsaya, kuma su ne za su fara tasa shi gaba tun kafin malami ya ji. Babin da sai an haɗa shi da alƙaluman abokan aiki biyar, daga ƙauyen da malamai suka san sunansa, ba ya sayuwa a shago. Hazikin ɗalibi kuwa ba abin da zai rasa. Zai koyi bayyana iliminsa ga wanda ba fanninsu ɗaya ba, ya ji an ƙaryata shi da hujja ya gyara, abin da kowane wurin aiki zai nema a wurinsa bayan bautar ƙasa.

Za a ce ba kuɗi. Arewacin Ghana bai fi mu wadata ba, amma Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta keɓe zango na uku na shekarar karatu don wannan aiki: ana haɗa ɗalibai daga tsangayu daban-daban rukuni-rukuni, a kai su ƙauyuka su zauna makonni a cikin jama'a, su yi nazarin matsalolin wurin tare da mutanensa. Mu kuwa Kunci zagaye take da makarantu. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, ga ofisoshin cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT a cikin Kano. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta daidai da bukatun yankinta. Ƙofa a buɗe take. Abin da ya tokare ta shi ne kowane sashe na kishin ɗalibansa da makinsa, ba ya son malamin wani sashe ya sa masa hannu. Batun tsaro gaskiya ne, kuma ba a wasa da ran ɗan kowa. Amma wannan dalili ne na zaɓen ƙauye da shawarar hakimi da dagaci, bai zama hujjar zama a birni ba.

Sai dai akwai sharaɗin da in babu shi gara a bar abin. Kada a kwashi yara a mota da riguna iri ɗaya a kai su su wayar da kan mutanen da suka fi su sanin ƙasar. Tambayar binciken daga bakin mutanen garin za ta fito, a zaure da cikin gida, ko da ba ita malami ya so ba: wuta-wuta ce da ta cinye gonar gero, ko rikicin burtali, ko rabon ruwan rani a bakin madatsar Gari. Sakamakon kuma a koma da shi da Hausa, a karanta a gaban waɗanda aka ɗebi lokacinsu, a ba su damar cewa ba haka ba ne. Rukunin bana su miƙa wa na baɗi littattafansu, a ci gaba da ƙauyen nan dai, domin damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan gona ba. Kuma kalandar jami'a ce za ta bi ta gona. Mai binciken wake sai ya kasance a Kunci da kaka lokacin da ake ɗaure buhu, ya sake komawa da bazara ranar da za a kwance shi, ko da hakan na nufin a tsayar da take tun ɗalibi na aji uku.