Wutar kuran a wuraren gini: horo ya fara daga sama

A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, gine-gine ne ke tasowa ko'ina: shaguna, gidajen bene, ofisoshin gwamnati. Amma wanda ya shiga wurin ginin ya dubi ƙasa, hankalinsa zai tashi. Ga waya kwance cikin ruwan kwaɓin siminti, an ɗaure mahaɗinta da leda, an jawo ta daga gidan maƙwabci ko daga turken NIGELEC ba da sanin hukuma ba. Ga mai walda yana aiki da silifa, ga lebura yana miƙa rodi sama kusa da manyan wayoyi.

Wutar da ake raba wa gidaje a Nijar bolt 220 ce. Idan ta samu jikin da ya jiƙe da zufa, ƙafa kuma cikin ruwa, abin da ke ratsa shi kan kai miliampa 200, alhali daga 30 haɗarin mutuwa ke farawa. Hannu ya ƙanƙame wayar, mutum ya kasa saki, zuciya ta rikice. Shi ya sa aka ƙera na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an gwada da na simintin bene ɗaya.

To, idan tsautsayi ya auku, wa ake horewa? Lebura ne. A kore shi nan take in ya tsira, ko a ce kwana ne ya ƙare in ya cika, a kai wa iyalinsa buhun gero, washegari aiki ya ci gaba da wayar nan dai.

Babu mai cewa ma'aikaci ba ya laifi. Wanda ya cire na'urar kariya don tana yawan yanke masa aiki, ko ya mayar da wuta alhali ɗan'uwansa na gyaran layi, ya cancanci horo: gargaɗi a rubuce, dakatarwa ta ƴan kwanaki, sannan kora in laifin ya yi nauyi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a horon mutum a kan dokar da ba a taɓa karanta masa ba, ko a kan safar hannun da ba a taɓa saya masa ba.

Kundin dokokin aiki na 25 ga Satumba 2012, wanda ya gaji na 1996, ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Kuma asusun CNSS ne ke biyan diyyar haɗarin aiki ga wanda aka rubuta sunansa a can. Matsalar ita ce leburan gini ɗan kullum ne, ana sallamarsa da yamma, kuma sau da yawa babu takardar da ta san da zamansa. Idan ya faɗi, babu shaida, babu diyya, babu mai laifi.

Saboda haka horo ya kamata ya bi matakalar iko daga sama. Ɗan kwangilar da ya sa aka jawo wutar sata, a rufe masa wurin aiki har ya gyara. Wanda ya maimaita, a cire sunansa daga masu neman kwangilar gwamnati. Sufetocin aiki su riƙa sauka ba da sanarwa ba, wanda kuma aka kama ya karɓi goro ya kau da kai, ya sha horon da ya fi na lebura.

Alhazan kasuwa da ke gina shaguna su sani cewa wanda ya yi sakaci da waya lokacin gini, shi ne zai binne ta cikin bango, kuma hajarsu ce za ta kwana a bakin gobara. Ma'aikatan gwamnati da ke sa hannu kan karɓar aiki su ma su tuna, cikin ajin nan ƴaƴan talakawa za su zauna.

Ranar da aka ga babban ɗan kwangila ya rasa aiki saboda ran lebura ɗaya, ranar ce wayoyi za su tashi daga cikin ruwa.