Damina Biyu Muke da Ita, Lissafinmu na Ɗaya Ne



Iyayenmu sun sauko Kwatano daga Kano da Katsina da Maraɗi ɗauke da lissafin damina ɗaya. Lissafin gaskiya ne, amma na can ne. A bakin teku iskar damina tana ratsa mu sau biyu: ta wuce arewa, mu sha ruwa daga Afrilu zuwa Yuli, ta komo, mu sake sha wajen Oktoba. A Agusta kuwa ruwan teku yakan yi sanyi, hadari ya ja baya, alhali Kano na tsakiyar marka.

Abin da ya fi cin mu shi ne ruwan da ba a kanmu ya sauka ba. Wanda aka yi a arewacin ƙasar nan yakan bi kogin Weme ya cika tafkin Nokuwe, sai ka ga sama garau, unguwannin bakin tafki kuwa sun nutse. Garin kwari ne, yashi ne, ruwan ƙasa yana kusa. A ambaliyar 2010 gundumomi 55 cikin 77 na Benin suka shiga uku, mutum kusan 680,000 abin ya shafa. Ban manta dattijon da ya zauna a zauren maigidana yana lissafa buhunan albasarsa da suka ruɓe, ni ina rubutawa.

Na ji masu cewa hasashen yanayi shiga gaibu ne. Da girmamawa, ban yarda ba. Mai duba yana da'awa ba tare da sababi ba. Ma'aikatan Météo-Bénin, da na cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974, auna zafin teku suke yi da tafiyar iska da tsawon ruwan kogi, su gwada da bayanan shekaru masu yawa, sannan su ce "ana kyautata zato". Sukan yi kuskure, kamar yadda makiyayi kan ga hadari ya kora garke gida, ruwan kuma ya ƙi zuwa. Ba wanda ya taɓa kiransa boka.

Matsalarmu ita ce sanarwar galibi da Faransanci take zuwa, tsofaffinmu da matanmu da yawa ba sa ji. Shawarata ga dattawa: a wakilta matasa biyu su riƙa fassara ta, a karanta bayan sallar Juma'a tun daga Maris, kafin a yashe magudanai, kafin fatake su jibge kaya a Dantokpa. Na riga na sa batun a takardar zaman dattawa mai zuwa.