Daga Nono Zuwa Kunu: Amanar Da Ke Wuyan Uba

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa maigida, yau da kai nake magana, a kan al'amarin da yawancinmu muka bar wa mata su kaɗai: abincin jariri. Duk wanda ke halartar jana'iza a nan Gure ya san cewa idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, ƙananan likkafanai ne suke yawaita a gaban liman. Ajali na Allah ne, babu ja. Sai dai Allah zai tambaye mu sababan da Ya damƙa mana, kuma tamowa da zawo suna cikin abubuwan da ake iya karewa da izininsa.

A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, Allah Ya sanya cikar shayarwa shekara biyu, Ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba, Ya kuma rataya yaye kafin lokacin a kan yardar uwa da uba da shawararsu tare. To ina shawara, idan uba bai san abin da ke cikin kofin ɗansa ba? Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wani jariri cikin dare a Madina, sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne domin baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sauya dokar, ya yanka wa kowane jariri kaso tun daga haihuwa. Halifa ya rasa barci saboda ɗan wani. Kai kuma naka ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa wata shida na farko nono zalla, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Na san za ka ce zafin Gure fa? Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma tsabtatacce. Uwar ce ke bukatar ƙarin sha da ci. Dakashi kuwa, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. A nan zan fara da kaina. A shekarun baya na sha rubuta allo a wanke a ɗura wa ɗan kwana bakwai, ban taɓa tambayar daga wace rijiya aka ɗebo ruwan ba. Na daina, kuma ina neman gafarar Allah. Annabi (SAW) ya kasance yana nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari da addu'a, mu ma ita ta ishe mu. Tahniki da dabino sunna ce, amma ɗan shafawa ne a dasashi sau ɗaya, ba ƙofar ɗure ba.

Wani zai ce me ya haɗa mu da shawarar waɗansu al'ummai? Imamu Malik a Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da ƴaƴansu ba, sai ya fasa. Ashe duban gogewar wasu a sha'anin lafiyar yara hanya ce ta Annabi. Haka kuma wannan hadisi ya raunana hujjar masu cire yaro daga nono rana ɗaya don uwarsa ta samu ciki.

A Japan suna farawa tsakanin wata biyar da shida da kunun shinkafa mai laushi, awo ɗaya na shinkafa ga awo goma na ruwa, cokali ɗaya a rana. Daga nan su ƙara ganye da awara da kifi, suna ƙara kauri mataki-mataki har yaro ya kai wata 12 zuwa 18. Darasinsu haƙuri ne da bin sannu. A Amurka likitocin yara suna cewa a fara wajen wata shida, a kawo abinci iri ɗaya a dakata kwana uku zuwa biyar don a ga ko jiki ya karɓa, a kuma ba da muhimmanci ga abin da ke gina jini. Tun 2017 ma suna ƙarfafa a ba jariri niƙaƙƙiyar gyaɗa da wuri. Dukkansu sun haɗu a kan hana zuma kafin shekara ɗaya. Zuma waraka ce kamar yadda Suratun Nahli ta ambata, amma hanjin jariri bai kai ƙarfin yaƙar wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. Kowane magani da lokacinsa.

Mu namu ciwon dabam ne. Muna ba yaro kunun gero tsararo, ya cika ɗan cikinsa da ruwa, mu ɗauka ya ƙoshi. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali. A zuba masa garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, garin wake, zogale ko kuka, da ɗan mai. A ba shi ƙwai dafaffe, da hanta in an samu. Maganar cewa ƙwai na sa yaro sata camfi ne, ba shi da tushe a addini. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, nono kuma yana tafiya har shekara biyu. Ya samu kwanonsa shi kaɗai, don yayyensa sun fi shi saurin hannu. A wanke hannu da sabulu; wanda ke alwala sau biyar bai kamata a koya masa wannan ba.

Ɗan'uwa, lissafa abin da shayi da sukari suke ci maka a mako a fada. Rabin wannan zai sayi gyaɗa da ƙwai. Nafaƙar ɗanka wajibi ce, shayi kuwa halal ne kawai. Ka zauna da matarka da mahaifiyarka cikin ladabi ku yi shawara, domin sau da yawa kaka ce ke yanke hukunci a kan jariri. Idan ka ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko zawo ya ƙi tsayawa, kai shi CSI a ranar, kada ka jira kasuwa ta ci. In an ba ku abincin maganin tamowa, na yaron ne shi kaɗai. Sayar da shi ko rarraba shi cin amana ne.

Ka tura wannan ga maƙwabcinka, ka karanta wa iyalinka. Allah Ya raya mana zuri'armu bisa lafiya da imani, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.